Wasan «Fela!»: suna ya yi nisa, ina labarin riba?

A watan Disamba na shekara ta 2025, hukumar da ke ba da lambar yabo ta Grammy a ƙasar Amurka ta sanar da cewa ta sa marigayi Fela Anikulapo Kuti, mawaƙin Nijeriya, cikin jerin waɗanda za ta girmama saboda aikin da suka yi tsawon rayuwarsu. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya sami wannan daraja, shekara 28 bayan rasuwarsa. Kafin haka da wata biyu, ranar 1 ga Oktoba 2025, an sake buɗe babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Legas bayan dogon gyara, yana ɗauke da sunan marubuci Wole Soyinka. Waɗannan al'amura biyu sun sake tayar da wata tambaya da ta daɗe a bakin masu sana'ar wasa da ma'aikatan al'adu: shin babban wasan kwaikwayo mai kiɗa da waƙa da rawa, wanda aka gina bisa labarin Afirka, yana iya yawo ƙasa-ƙasa ya ciyar da kansa?

Domin amsa wannan tambaya, babu misalin da ya fi wasan da ake kira «Fela!», wanda ya fara a birnin Niyok a 2008, ya je Landan da Legas, sa'an nan ya zaga biranen Amurka har zuwa 2013. An yi masa talla irin wanda ba a taɓa yi wa labarin wani mawaƙin Afirka ba. Amma suna dabam, riba dabam, kuma duk mai son fahimtar wannan kasuwa dole ne ya raba lissafin biyu.

Mutumin da wasansa

An haifi Fela a Abeokuta ranar 15 ga Oktoba 1938. Ya yi karatun kiɗa a Landan, kuma a 1969 ya yi watanni a Amurka, inda ya haɗu da Sandra Smith, wadda ta buɗe masa ido game da gwagwarmayar baƙar fata. Da ya komo gida, shi da makaɗinsa Tony Allen suka ƙera salon kiɗan da duniya ta sani da Afrobit, ya kuma mai da waƙa makamin sukar mulkin soja da cin hanci. Ranar 18 ga Fabrairu 1977, kwana kaɗan bayan rufe bikin al'adun baƙar fata na FESTAC wanda ya ƙi shiga, soja kimanin 1,000 suka afka wa gidansa da ya kira Jamhuriyar Kalakuta, suka ƙone shi. An jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti, shahararriyar mai fafutukar ƴancin mata, daga tagar bene. Ta rasu a watan Afrilu 1978. Shi kansa ya shiga gidan kaso a 1984, aka sake shi a 1986, ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997.

Wasan bai ɗauki dukan wannan tarihi ba. Ya tsaya bisa dare guda a gidan rawar Fela da ake kira Shrine, bayan rasuwar mahaifiyarsa, lokacin da yake shawarar ko ya bar ƙasa ko ya zauna. Daga nan yake ba ƴan kallo labarin baya, da waƙoƙinsa na ainihi, har zuwa ranar da ya ɗauki akwatin gawa ya kai ƙofar barikin shugabannin soja. An yi wa gidan wasan ado kamar Shrine, ana haska kalmomin waƙa bisa bango domin waɗanda ba su jin Ingilishin kasuwa na Legas, har ana tayar da ƴan kallo tsaye a koya musu rawa.

Wanda ya kawo shawarar wasan kuwa ba ɗan Afirka ba ne, ba kuma mawaƙi ba ne. Stephen Hendel ɗan kasuwar man fetur ne a Niyok, wanda ya ji faifan Fela bayan rasuwarsa, abin ya kama shi. Shi ya nemo Bill T. Jones, gwanin tsara rawa, da marubuci Jim Lewis, da ƙungiyar makaɗa ta Antibalas. Sahr Ngaujah, ɗan Amurka wanda mahaifinsa mutumin Saliyo ne, ya fito a matsayin Fela. Aikin ya yi nauyi ƙwarai, har sai da aka haɗa shi da Kevin Mambo suna karɓeɓeniya.

Lissafin kasuwar Burodwe

Burodwe unguwa ce a tsakiyar Niyok mai gidajen wasa wajen 40, kowane yana ɗaukar mutum 500 ko fiye. Gwamnati ba ta biyan kuɗin wasannin da ake yi a mafi yawansu. Ƴan kasuwa ke haɗa jari, su ci riba ko su yi hasara. Akwai kuɗi iri biyu da ya wajaba mai karatu ya bambanta. Na farko shi ne jarin kafawa: albashin watannin gwaji, ɗinkin tufafi, ginin dandamali, fitilu, na'urorin sauti, da tallan farko. A wancan zamani, kafa babban wasan waƙa yakan ci dalar Amurka miliyan 10 ko fiye, watau kimanin miliyar 5 na kuɗin sefa. Na biyu shi ne kuɗin tafiyarwa na kowane mako: hayar gida, albashin ƴan wasa da makaɗa da ma'aikatan bayan labule, kason marubuta, da tallan yau da kullum.

Ana wasa sau 8 a mako. Gidan Eugene O'Neill, inda «Fela!» ya sauka, yana da kujeru kimanin 1,100, ke nan kujeru wajen 8,800 ne za a sayar kowane mako. Sai abin da aka samu ya zarce kuɗin tafiyarwa, sa'an nan rarar take fara rage uwar kuɗi. Makon da gida bai cika ba, ba riba kaɗai aka rasa ba, an koma baya ne. Kujerar da ba a sayar daren jiya ba kuwa ta tafi ke nan, ba kamar buhun gero ba ne da za a ajiye a rumbu a jira farashi ya tashi. Shi ya sa masu sana'ar suke cewa a cikin wasanni 5, da ƙyar 1 yake mayar da jarinsa.

Har wa yau, fiye da rabin masu sayen tikiti a Burodwe baƙi ne da suka zo yawon buɗe ido daga wasu jahohi ko wasu ƙasashe. Baƙon da ke da dare guda a birni, yana riƙe da kuɗin tikitin da a 2010 ya kai dalar Amurka 80 zuwa 90, watau fiye da jika 40, yakan zaɓi sunan da ya riga ya sani. Wannan ita ce babbar matsalar «Fela!» tun ranar farko: mafi yawan Amurkawa ba su taɓa jin sunan mutumin ba.

Yadda aka yi tallan

Masu wasan sun bi matakai. Da farko, a 2008, sun nuna shi a ƙaramin gida mai suna 37 Arts, inda kuɗin tafiyarwa bai da yawa. Manufar ita ce a sami shaidar masu sharhi a jaridu, kuma an samu. Cikin waɗanda suka kalla akwai Questlove, makaɗin ƙungiyar The Roots, wanda ya rubuta wa abokansa manyan mawaƙa doguwar wasiƙa yana roƙonsu su zo su gani.

Daga nan aka sami mataki na biyu, wanda ya fi kowane tasiri: aron suna. Lokacin da aka buɗe wasan a Burodwe ranar 23 ga Nuwamba 2009, takardun tallan suna ɗauke da sunayen Jay-Z da Will Smith da matarsa Jada Pinkett Smith a matsayin masu gabatarwa. Wanda bai san Fela ba ya san waɗannan. Sunayensu sun buɗe ƙofar gidajen telebijin da mujallun da ba su saba kula da wasan dandamali ba, sun kuma jawo matasa da baƙar fatar Amurka, waɗanda ba su cika zuwa Burodwe ba.

Mataki na uku shi ne lambobin yabo. Babban mai sharhi na jaridar New York Times ya yaba wasan matuƙa. A 2010 an sa shi takara a fanni 11 na lambar Tony, wadda ita ce mafi girma a sana'ar, ya ci 3: tsara rawa, tsara tufafi da tsara sauti. Amma babbar lambar, ta wasan waƙa mafi kyau, wani wasa mai suna «Memphis» ya ɗauke ta. A wannan kasuwa ita ce lambar da baƙo yake dubawa kafin ya ciro kuɗi. Sauran suna ƙara daraja, ba su cika gida.

Mataki na huɗu shi ne sabunta fuska. A watan Satumba 2010 aka kawo shahararriyar mawaƙiya Patti LaBelle ta karɓi matsayin Funmilayo daga hannun Lillias White. A watan Nuwamba kuma Michelle Obama, uwargidan shugaban Amurka na lokacin, ta je kallo, jaridu suka ɗauka. Duk da haka, an rufe wasan ranar 2 ga Janairu 2011, wata 13 da ƴan kwanaki bayan buɗewa, an nuna shi fiye da sau 450.

Abin da talla bai iya ba

Shekara guda da wata guda ba abin kunya ba ne. Amma ga wasan da ke ɗauke da ƴan rawa da makaɗa masu yawa kowane dare, gajeren zama ne. Mai karatu ya gwada da wasan da ya gaje shi a gida ɗaya, «The Book of Mormon», wanda ya buɗe a Maris 2011 ya zauna fiye da shekara 10, ko «The Lion King» na kamfanin Disney, wanda ya buɗe a 1997 ya zarce shekara 25. Irin waɗannan ne suke mayar da jari ninki-ninki.

Ana iya ganin dalilai uku. Na farko, sunan aro yana kawo mutum sau ɗaya. Jay-Z ba ya bisa dandamali, kuma wanda ya zo dominsa ba lalle ya aiko danginsa ba. Na biyu, wasan ba na iyali ba ne: akwai shan wiwi, akwai bayanin azabar da soja suka gana wa matan Kalakuta, akwai zafin siyasa. Uban da zai sayi tikiti huɗu ya kai ƴaƴansa yakan nufi wani wuri. Na uku, kiɗan Fela dogo ne, waƙa guda takan kai minti 15 ko fiye bisa faifai, ba irin gajerun waƙoƙin da ɗan kallo yake fita yana rerawa ba, ko da yake an gajarta su domin dandamali.

Akwai kuma abin da aka sassauta domin kasuwa, wanda ya jawo suka daga wani ɓangare. Wasan bai kai ga rasuwar Fela ba, wadda yayansa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya bayyana wa duniya cewa cutar sida ce ta jawo ta. Auren mata 27 da ya yi rana ɗaya a 1978, da ra'ayinsa game da mata, an taɓa su sama-sama. Mai talla yana zaɓen abin da zai ɗora bisa faranti; abin da ya bari a ƙasa kuwa masu tarihi ba su mantawa da shi.

Fita yawo

A sana'ar wasan waƙa, zama a Burodwe sau da yawa shi kansa talla ne ga abin da zai biyo baya. Hatimin «an yi shi a Burodwe» shi ake ɗauka a kai wasu birane a sayar.

Zangon farko Landan ne. A Nuwamba 2010, tun ana wasa a Niyok, aka buɗe «Fela!» a gidan wasa na ƙasa na Ingila, wanda ke samun tallafin gwamnati. Wannan ya rage wa ƴan kasuwa nauyi, domin gidan yana da ma'aikatansa da masu kallonsa na kullum. A Janairu 2011 aka watsa wasan kai tsaye zuwa gidajen silima a ƙasashe da dama, dare guda ya kai ga mutanen da ba za su taɓa zuwa Landan ba. A tsakiyar 2011 ya sake komawa birnin, a gidan Sadler's Wells. Landan tana da dubban ƴan Nijeriya da sauran ƴan Afirka ta Yamma. A nan ba sai an yi bayanin wane ne Fela ba.

Zango na biyu shi ne Legas, a watan Afrilu 2011. An ruwaito cewa Femi Kuti, babban ɗan marigayin, ya ƙi kallon wasan har sai an kawo shi gida. An fara nuna shi a sabon Shrine da ke Ikeja, wanda Femi da yayarsa Yeni suka gina, sa'an nan aka koma babban zauren otel Eko. A nan matsalar ta juya. A Niyok akwai kuɗi babu sanin Fela. A Legas kowa ya san Fela, amma talakan da ya yi wa waƙa ba shi da kuɗin tikiti. A shekarar ce aka sa hannu bisa dokar albashi mafi ƙanƙanta na naira 18,000 a wata, ke nan tikitin Burodwe guda ya zarce rabin albashin ƙaramin ma'aikaci. Ga kuɗin jirgin sama da masaukin ƴan wasa da ma'aikata, ga jigilar fitilu da na'urori, ga rashin gidan da aka gina domin irin wannan aiki, tun da gidan wasa na ƙasa ya lalace a lokacin, zauren otel kuwa na taro ne da baje koli. Lokacin ma bai zo da sauƙi ba: an yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16 ga Afrilu, tarzoma ta biyo baya a wasu jahohin arewa, hankalin jaridu da manyan ƙasa yana wani wuri. Irin wannan tafiya ba ta tsayawa da kuɗin ƙofa kaɗai. Sai da hannun masu tallafi. Amfaninta ga masu wasan shi ne shaida: daga ranar suna iya cewa mutanen Fela sun gani sun karɓa.

Zango na uku shi ne zagayen Amurka, wanda ya fara daga Washinton a Satumba 2011, ya bi ta Atlanta, Los Anjalis, Ditiroyit, Shikago da wasu birane. Lissafin yawo ya fi na Burodwe sauƙi ga mai wasa. A bisa al'ada, mai masauki a kowane birni yakan lamunci wani adadin kuɗi na mako, ko gida ya cika ko bai cika ba, sa'an nan a raba rara. Gidajen kuma manya ne, wasu suna ɗaukar mutum 2,000 ko fiye, suna da mutanen da suka biya kuɗin kallon shekara tun kafin su san wasannin da za a kawo. Mako ɗaya ko biyu a birni ya isa a kwashe masu sha'awa a wuce gaba kafin kasuwa ta mutu. A Yuli 2012 wasan ya sake leƙa Burodwe na ƴan makonni, kuma a zagayen 2013 aka sake amfani da dabarar aron suna, aka sa Michelle Williams ta ƙungiyar Destiny's Child a matsayin Sandra.

Ina ribar ta shiga?

Wanda ya duba akwatin tikiti kaɗai bai ga dukan lissafin ba. A daidai lokacin da wasan ke tashe, kamfanin Knitting Factory ya shiga sake fitar da faya-fayen Fela, waɗanda sun fi 40, kuma aka riƙa gayyatar manyan mawaƙa irin su Questlove, Ginger Baker, Brian Eno da Erykah Badu su zaɓi waɗanda za a haɗa a akwati guda. Faifan waƙoƙin wasan ya shiga takarar Grammy. A 2014 Alex Gibney ya fitar da silima ta tarihi, «Finding Fela», wadda ta yi amfani da hotunan shirin wasan. A Legas an buɗe gidan tarihi na Kalakuta a 2012 da taimakon gwamnatin jahar, bikin Felabration da Yeni ta ƙirƙiro a 1998 ya ƙara bunƙasa, har shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarci Shrine a Yuli 2018. Ba wasan kaɗai ya haifar da waɗannan ba, amma ya share musu hanya. Ma'ana, wanda ya riƙe haƙƙin waƙoƙi da sunan yana ci gaba da girbi shekaru bayan an kashe fitilun dandamali.

Shi ya sa maganar haƙƙi ba ƙarama ba ce. A 2010 Carlos Moore, marubuci ɗan asalin Kuba wanda ya wallafa tarihin rayuwar Fela a 1982, ya kai masu wasan ƙara yana neman dalar Amurka miliyan 5, bisa zargin an ɗebi aikinsa ba da izini ba. Daga baya aka sasanta. Darasin a fili yake: kafin a ɗora labari bisa dandamali, a san mai shi, a rubuta kason kowa.

Waɗanda suka riga, da waɗanda suka biyo

«Fela!» ba shi ne na farko ba. «King Kong» na Afirka ta Kudu, wanda ya fito da Miriam Makeba a 1959, ya je Landan a 1961. «Ipi Tombi» ya yi kasuwa a Landan, amma da ya isa Niyok a Janairu 1977 masu adawa da wariyar launin fata suka yi masa zanga-zanga a bakin ƙofa, suna cewa yana ɓoye halin da baƙar fata ke ciki. Ya rufe bayan ƴan makonni. «Sarafina!» na Mbongeni Ngema da Hugh Masekela, labarin ƴan makarantar Soweto na 1976, ya zauna a Burodwe daga Janairu 1988 zuwa Yuli 1989, an nuna shi sau 597, sa'an nan ya zama silima a 1992. Bambancin waɗannan biyu ya nuna cewa babban talla shi ne lokaci: a 1988 duniya tana maganar Nelson Mandela kowace rana, labaran rediyo da telebijin suna yi wa «Sarafina!» talla kyauta.

A yankin Sahel an gwada wata hanya. «Bintou Wéré», wasan waƙa game da masu ƙaura zuwa Turai, wanda Zé Manel Fortes na Gine Bisau ya tsara kiɗansa, Koulsy Lamko na Cadi da Wasis Diop na Senegal suka rubuta, an buɗe shi a Bamako a Fabrairu 2007, ya je Amsterdam da Paris. Gidauniyar Yarima Claus ta ƙasar Holan ce ta tsaya masa. Irin wannan ba ya jin tsoron kujerar da ba a sayar ba, amma tafiyarsa takan tsaya inda tallafi ya tsaya.

Hanya ta uku ita ce wadda Legas ta ɗauka bayan 2011. Bolanle Austen-Peters, lauya wadda ta kafa cibiyar Terra Kulture, ta fito da «Saro» a 2013, ta kai «Wakaa» Landan a 2016, sa'an nan a 2017 ta fito da «Fela and the Kalakuta Queens», wanda ya ba da labarin ta bakin matan da wasan Amurka ya bari a gefe. Ta gina gidan wasa nata mai kujeru kimanin 400. Ƴan wasanta ƴan gida ne, ana biyansu da naira, ana sa wasanni lokacin bukukuwan ƙarshen shekara da na Ista, sa'ad da mutanen ƙetare suke komowa gida da kuɗi, kamfanoni kuma suna tallafawa. Kujeru 400 ba su tara kuɗin Burodwe, amma ba su bukatar jarin Burodwe.

Abin da ya kamata a duba

Yanzu da sunan Fela ya sake hawa, kuma Legas ta sami gidan wasan da ta rasa a 2011, ba mamaki a ji masu shirin sabon yawo, da wannan labari ko da wani. Tarihin «Fela!» ya ba da ma'auni huɗu da za a auna kowane shiri da su.

Na ɗaya, a fara tambayar kuɗin mako, ba kuɗin talla ba: mutum nawa za a ciyar a hanya, kujera nawa za a sayar, a wane farashi mutanen garin suke iya biya. Na biyu, gida ɗaya ba ya yin yawo. Abin da ya riƙe zagayen Amurka shi ne jerin gidaje masu kayan aiki iri ɗaya da masu masauki da ke lamuncewa. Muddin babu irin wannan jeri tsakanin Legas, Akara, Abijan da Dakar, kowace tafiya sabon gini ce daga tushe, kuma jigila za ta cinye abin da ƙofa ta kawo. Na uku, sunan aro yana buɗe ƙofa, amma abin da ke riƙe wasa shi ne bakin waɗanda suka gani, da dacewar labarin da abin da ke damun mutane a lokacin. Na huɗu, riba mai ɗorewa tana cikin haƙƙi: faifai, silima, watsawa ta telebijin da intanet, da izinin da za a sayar wa wasu ƙungiyoyi su yi wasan.

«Fela!» ya kai sunan mawaƙin Abeokuta inda faya-fayensa ba su kai ba a rayuwarsa, wannan babu gardama. Amma jarin, da tsarin, da yawancin ƴan wasan daga Niyok suka fito, Legas kuwa ta sami ƴan kwanaki. Ko wasa na gaba zai juya wannan lissafi, ya fara daga gida ya je waje, ya danganta ga abubuwan da ba a gani bisa takardar talla: gidajen wasa masu fitila da wutar da ba ta yankewa, yarjejeniyar haƙƙi a rubuce, da farashin tikitin da malamin makaranta zai iya biya.